Lambar tashar FM ba "mita" ba ce: gyara ga masu gabatar da shirye-shirye

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwa masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyo da talabijin kan wasu kalmomin aiki da aka aro daga Turanci, ake ta maimaita su ba tare da an san abin da suke aunawa ba.

Babbar cikinsu ita ce "mita". Da wuya ka murɗa tashar FM a Arewa ba ka ji ana cewa "kuna tare da mu a kan mita kaza da ɗigo kaza" ba. Wannan lambar ba mita ba ce, megahaz ce, wadda ake rubutawa MHz a fuskar akwatin rediyo. Megahaz na ƙidaya sau nawa igiyar rediyo ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, kuma megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ce. Mita kuwa tsawon igiyar take aunawa, daga tudu guda zuwa na gaba. Kamar mai awo ne ya riƙa kiran tiya alhali kilo yake nufi.

Lissafin da ya haɗa su mai sauƙi ne. Igiyar rediyo na tafiya da gudun haske, wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka in ka raba 300 da lambar megahaz, tsawon igiyar a mita zai fito. Tashar da ke kan 100 MHz igiyarta mita 3 ce. Dukan zangon FM a Najeriya daga 87.5 yake zuwa 108, saboda haka kowace tashar FM a ƙasar nan tana wajen mita 3 ne, babu mai mita casa'in ko ɗari.

Kuskuren yana da asali. Iyayenmu sun saba da gajeren zango, inda faɗin mita daidai ne. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Amurka a 1979, kuma su da Muryar Jamus sun daɗe suna sanar da mita 16, 19, 25, 31 da sauransu. Rediyon Tarayya na Kaduna an san shi a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09, tun da kilohaz dubu ne megahaz ɗaya. Raba 300 da 6.09, za ka samu 49 da 'yan kai, shi ne "mita 49" ɗin da kowa ya haddace. A matsakaicin zango kuma an san shi a kan kilohaz 594, wajen mita 505 ke nan. Da aka kafa Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a 1992 aka buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, FM ta yawaita, sai aka ɗauko tsohuwar kalmar aka liƙa wa sabuwar lamba.

Wani zai ce ai mai sauraro ya gane, mene ne na tayar da jijiyar wuya? Amfanin sanin tsawon igiya a wurin eriya yake. Eriyar sanda ta fi kama tasha idan tsawonta ya kai rubu'in tsawon igiyar, wato wajen santimita 75 ga FM. Shi ya sa wayoyin hannu da yawa ba sa kama FM sai an soka musu abin sauraro na kunne: wayarsa ce eriyar. Matsakaicin zango ba ya amfani da sandar nan ta waje ko kaɗan, akwai wani baƙin sanda mai naɗin waya a cikin akwatin, don haka juya rediyon ake yi har muryar ta fito, ba jan eriya ba. Gajeren zango kuwa yana son doguwar waya. Mita biyar zuwa goma da aka ɗaura wa sandar aka ratayo ta taga kan canza abubuwa sosai.

Sai AM da FM, waɗanda ake ɗauka sunayen zango ne kawai. A asali hanyoyin ɗora murya a kan igiya ne. A AM ƙarfin igiyar ake ƙarawa ana ragewa, a FM kuwa saurin kaɗawarta ake sauyawa. Walƙiya, janareta da wasu fitilu masu arha duk ƙarfin igiya suke taɓawa, shi ya sa AM ke ƙarar tsartsatsi da damina FM na nan garau. Gajeren zango ma da AM yake aiki, ko da yake masu ƙera rediyo sukan rubuta AM a inda suke nufin matsakaicin zango kaɗai, MW.

Nisan da kowanne ke kaiwa ma ba ƙarfin na'ura kaɗai ba ne. FM miƙe take tafiya, tsawon turken eriya da duwatsun da ke hanya su ke yanke mata iyaka, galibi 'yan gomman kilomitoci. Gajeren zango sama yake hawa, wani ɓangare na sararin samaniya ya maido shi ƙasa a nisan dubban kilomitoci. Da rana mita 16 da 19 sun fi fita, da dare sai a koma 31, 41 ko 49. Mai sanarwar da ya san haka zai gaya wa makiyayi a daji inda zai murɗa da asuba da inda zai koma da azahar.

Kalma ta gaba ita ce "live", wadda muka fassara da "kai tsaye", fassara mai kyau. Ɓarnar tana wajen maimaici. Ana sake sa shirin kiran waya da dare yadda aka naɗe shi, muryar mai gabatarwa na ta cewa "kai tsaye muke, ga lambobinmu", mutane na ta kira babu kowa a ɗakin. Gyaran bai wuce a sa sanarwar "maimaici ne, kada a kira" a farko da bayan kowace talla ba, a talabijin kuma a cire tambarin "kai tsaye" daga kusurwar allo. Haka nan a riƙa yi wa mai kira bayanin dalilin cewa ya rage sautin rediyonsa: muryarsa na fita ta lasifika ta sake shiga wayar, ta yi ta zagaye har ta zama ƙara. Idan kuma tashar na jinkirta sauti na 'yan daƙiƙu don tace ɓatanci, ko ta intanet yake sauraro, zai ji kansa a makare ya rikice.

A talabijin, "dijital" ce ke ruɗa jama'a tun da aka ƙaddamar da sauyin daga tsohon tsari zuwa gare ta a Jos a 2016. Da yawa sun ɗauka tauraron ɗan'adam ake nufi. Dijital ta ƙasa daga turke take zuwa, eriyar UHF da dikoda take buƙata, ba faranti ba. Kuma ba ta yin yayyafin nan na tsohuwar talabijin: in sigina ya yi rauni hoton daskarewa yake yi ko ya ɗauke gaba ɗaya. Kafin a ce dikoda ta lalace, a ɗaga eriyar, a fuskantar da ita wajen turken tashar, a duba ko ruwa ya shiga mahaɗin wayar.

Ina kira ga shugabannin sassan shirye-shirye su zauna da injiniyoyinsu su gyara rubutun sanarwar tasha. "A kan megahaz kaza, zangon FM" ya wadatar, ko ma a faɗi lambar kawai a ce FM.

Naku,
Wani ma'aikacin sashen injiniya na rediyo,
Kaduna.