Sunan Surukina Yana Cikin Rijistar Ajina

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike share wa mata hawaye a wannan fili. Don Allah ki sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce, ina riƙe da aji shida a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. A birnin Kano aka haife ni, aure ne ya kawo ni Jigawa. Surukina shi ne limamin garin, alaramma ne da ya yaye almajirai da yawa, shi ya sa ake yawan yi masa takwara. A ajina kaɗai akwai masu sunansa da dama. A gida babu mai kiransu da shi: wannan Malam Ƙarami, wancan Mai Sunan Malam, wani kuma Baffa ko Abba.

Hajiya, kin san yadda abin yake a karkara. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai maigida ko baban wane. Uwa tana kunyar ɗan fari har ya yi furfura. Namiji ma ba ya kiran dagaci ko mai unguwa gatsau, sai ya tuɓe takalmi ya rusuna ya ce "ranka ya daɗe". Sunan suruki kuwa ya fi kowanne nauyi a bakin mace. Uwar mijina ko kalmar da ta yi kama da sunan Malam ba ta furtawa, kewayewa take yi. Wallahi ina son wannan tarbiyya, kuma da ita nake so 'ya'yana su tashi.

To amma rijista ba ta san laƙabi ba. Yaran nan za su rubuta jarrabawar shiga ƙaramar sakandare, kuma da sunan yanka aka shigar da su. Da farko monita na bar wa kiran suna. A nan na ga yaro an kira sunansa yana waige-waige yana neman mai shi, wani kuma "Abba" yake rubutawa a saman takardarsa. Hedimasta ya ce aikina ne in saba musu da sunayensu, kuma gaskiya ya faɗa. Sai na fara kira da kaina, ina sa "Malam" a gaba don girmamawa.

'Yar facalata tana ajin, ita ta kai labari gida. Uwar mijina ba ta yi mini faɗa ba. Sai dai yanzu idan na durƙusa a ƙofar ɗakinta da safe, "lafiya" kawai take cewa, ba ta ɗago kai daga tankaɗenta. Na ji ta ce wa maƙwabciya boko ya cire wa 'yan birni kara. Wannan magana ta ƙona mini rai, domin matar nan ta riƙe ni kamar 'yar cikinta.

Maigidana ya ce in yi haƙuri in bi yadda na tarar ana yi. Malaminmu na Islamiyya ya ce addini bai hana ba, Nana Hajara ma da sunansa ta kira Annabi Ibrahim ranar da ya bar ta a Makka, kuma laƙabin izgili ne Suratul Hujurati ta hana. Amma da wane baki zan karanta wa matar liman hadisi?

Na yi tunanin neman a canza mini aji, sai dai babu ajin da ba shi da takwaran Malam. Na tabbata da shi Malam zai ji, kalma ɗaya zai faɗa komai ya wuce, amma suruka ba ta zama gaban suruki ta yi doguwar magana. Shin in tura maigidana duk da ya nuna ba ya so, ko in roƙi gwaggonsa ta shiga tsakani? Kafin nan kuma, me zan riƙa cewa da safe idan na buɗe rijista?

Taki,
Wata malama daga ƙasar Ringim