Wasiƙa daga jihar Massachusetts ta Amurka kan gyaran baitocin rawa

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na san shirun da na yi tun bayan Babbar Sallah ya isa a ci ni tara, amma ka ji abin da ya ɗauke mini hankali kafin ka yanke hukunci. An sa ni cikin kwamitin gyaran baitocin waƙoƙin rawa, ni ɗin nan da ka taɓa cewa ko akuya ba za ta tsaya sauraron waƙar da na rubuta a sakandare ba.

Ka dai tuna dattijon maƙwabcina da yake ɗaukata zuwa zauren rawarsu daren Asabar. Rawa iri biyu suke yi. Akwai sukwaya, wadda mutum takwas suke tsayawa bibbiyu ta fuska huɗu, akwai kuma kwantira, wadda ake jeruwa sahu biyu ana fuskantar juna. Kowacce tana da mai kira da yake faɗa wa jama'a abin da za su yi, a wasu raye-rayen sukwaya kuwa rera umarnin yake yi bisa karin wata tsohuwar waƙa. Kafin ka fara salati, ni dai wurina benci ne kusa da masu goge da fiyano, ina ƙirga taku.

Baitocin sun tsufa ƙwarai, wasunsu tun zamanin da Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford, yake zuba kuɗinsa wajen farfaɗo da irin wannan rawa a shekarun 1920. Za ka ji ana umartar namiji ya juya 'yar kyakkyawar yarinyarsa ya kai ta gida, alhali wadda ake nufi kaka ce mai furfura, ko kuwa 'yan mata biyu ne ɗalibai suka haɗa hannu, babu namijin da za a umarta. Shi ya sa zauruka da yawa suka bar cewa maza da mata, suka koma sunayen tsuntsaye biyu, lak ga na hagu, robin ga na dama. Wanda ya zaɓo su ya yi dabara, domin yawan gaɓoɓinsu daidai yake da na kalmomin da suka maye gurbinsu. Amsa-amo ne ke ba mu wahala, saboda a Turanci kalmar yarinya da kalmar juyi amo ɗaya suke ƙarewa da shi, da zarar ka cire ta farko sai ta biyun ta zama marainiya.

Kuma ba a yi wa kiɗan ƙari ko ragi. Taku 64 ne kowane zagaye, kashi huɗu, kowane kashi 16. Gyarana na farko na ƙara gaɓa biyu ban lura ba, mai kiran ya makara wajen sallamar jama'a su zaga, sai ga sukwaya biyu sun yi karo a tsakiyar zaure. Wata tsohuwa ta sauke tabaranta ta dubi mai kiran, shi kuma ya juyo ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da waƙar Nelly Gray, wadda aka daɗe ana rufe taro da ita a garuruwan wannan yanki. Benjamin Hanby ne ya rubuta ta a Ohayo a 1856, kukan wani bawa ne a Kentaki da aka sayar da masoyiyarsa Nelly aka kai ta Jojiya aikin auduga da rake. Babu zagi a cikinta, hasali ma don nuna munin bauta aka yi ta, sai dai yau mutane suna tsalle suna dariya a kanta, akasarinsu ba su san wace ce Nelly ba. Kwamitinmu ya rabu. Matasa sun ce a jingine ta gaba ɗaya, wata kuma ta ce a bar karin a cire sunan, maƙwabcina kuwa idanunsa suka kawo ruwa, ya ce da ita aka rufe taro daren da ya fara ganin marigayiya matarsa.

Da aka zo kaina na ce a gyara umarnin rawar yadda zai dace da duk wanda ya shigo fili, amma kada a taɓa sunan Nelly, domin an riga an raba ta da gida sau ɗaya, bai kamata mu sake korarta daga waƙarta ba. Na ba da shawara mai kira ya ba da labarinta a taƙaice kafin a ɗora goge, wanda ya ji ba zai iya rawa a kai ba ya zauna tare da ni a benci. An ce za a gwada haka wata mai zuwa, kuma ni aka ɗora wa rubuta bayanin, wanda aka ce kada ya wuce jimla uku. Na yi kwana huɗu ina kai, har yanzu jimla bakwai gare ni.

Idan littafin nan naka na karin waƙa yana nan cikin akwatin Inna, ka ɗauki hoton shafukan gaɓa ka turo mini. Ka gaishe ta, ka gaida amarya da yara, kuma ina roƙonka kada maganar rawar nan ta kai kunnen Malam.

Naka,
Amininka