Bai dace masu taya alƙali yanke hukunci su nemi hujja a wajen kotu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in bayyana ra'ayina kan wani al'amari da ya shafi ƙasashen da ake zaɓo mutanen gari su zauna a kotu su taya alƙali yanke hukunci. A Ingila da Ostareliya mutum 12 ne ke zama a manyan shari'o'in laifi, a nan Ghana kuwa mutum 7 ne ke zama a Babbar Kotu idan ana shari'ar kisan kai, kuma su ne ke faɗin ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin ko bai aikata ba. Tambayar da ake yawan yi ita ce, idan ɗaya daga cikinsu ya ga akwai abin da ya shige masa duhu, shin yana da damar ya koma gida ya bincika a intanet, ko ya je wurin da abin ya faru, ko ya tambayi wani masani da ya yarda da shi? Ra'ayina shi ne ba shi da wannan dama, kuma bai kamata a ba shi ba.

Masu ganin ya dace suna da hujjar da ba za a raina ba. Suna cewa an ɗora wa mutum nauyin rayuwar wani, an rantsar da shi cewa zai faɗi gaskiya, sannan a ce masa ya rufe ido ga duk abin da lauyoyi ba su ga damar kawowa ba, alhali kowa ya san lauya yana kawo abin da zai amfani wanda yake wakilta ne. Suna kuma tuna mana cewa a Ingila ta dā, daga cikin maƙwabtan wurin da abin ya faru ake zaɓo waɗannan mutane, saboda ana sa ran sun riga sun san labarin. Gani ya kori ji, in ji su. Na yarda cewa yawancin masu yin wannan bincike ba mugunta ke sa su ba, tsoron zaluntar wani ne ke sa su. Amma kyakkyawar niyyarsu ba ta gyara abin da ke lalacewa.

Abin da ke lalacewa shi ne haƙƙin wanda ake tuhuma na ya ji duk abin da za a kafa hujja da shi a kansa, ya kuma samu damar mayar da martani. Shaidar da aka kawo a zauren kotu tana bi ta hannun alƙali ya duba ko doka ta yarda a saurare ta, mai ba da ita yana yin rantsuwa, lauyan ɗaya ɓangaren kuma yana yi masa tambayoyi har a ga inda ya yi rauni. Abin da mutum ya tsinto a wayarsa cikin dare bai bi ta ko ɗaya daga waɗannan matakai ba. Yana iya zama labarin wani mai suna iri ɗaya, ko tsohon rahoton da aka janye daga baya, ko jita-jitar da abokan gaba suka baza, kuma babu wanda zai ƙaryata shi domin wanda abin ya shafa bai ma san an karanta ba.

A shekarar 2011 an yi wata shari'a a garin Luton na Ingila, inda ake tuhumar wani mutum da ji wa wani mummunan rauni. Ɗaya daga cikin masu taya alƙali, wata malamar jami'a, ta bincika sunansa a intanet ta ga an taɓa tuhumarsa da fyaɗe, ta kuma gaya wa abokan zamanta. Kotu ta riga ta wanke shi daga wancan zargi, amma kalmar ta riga ta shiga kunnuwan mutanen da za su yanke masa hukunci, kuma babu yadda za a yi a cire ta. Dole aka rushe shari'ar aka sake ta daga farko, ita kuma malamar aka yanke mata ɗaurin wata 6 a farkon 2012 saboda raina kotu. Daga baya, a 2015, majalisar dokokin Birtaniya ta mayar da irin wannan bincike laifi mai zaman kansa a Ingila da Wales, wanda hukuncinsa ke iya kaiwa ɗaurin shekara 2.

Abin da ya faru a birnin Sidni na Ostareliya ya fi taɓa mini zuciya, domin a can ba wanda ake tuhuma kaɗai aka cutar ba. A wata shari'ar fyaɗe, mutum 2 daga cikin masu taya alƙali sun je da kansu da daddare wurin shaƙatawar da abin ya faru, don su gwada ko hasken wurin ya isa a gane fuskar mutum. A ganinsu ƙwazo suka yi. Amma wa zai tabbatar cewa fitilun da suka gani su ne na daren da aka aikata laifin, ko cewa a daidai inda yarinyar ta tsaya suka tsaya? Ba a tambaye su ba, domin su ba shaidu ba ne, amma sun mayar da kansu shaidun da ba a rantsar ba kuma ba a yi wa tambayoyi ba. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar da Sidni ke cikinta ta soke hukuncin ta ba da umarnin a sake shari'a. Yarinyar da aka zalunta ta ce ba za ta iya sake tsayawa ta maimaita abin da aka yi mata ba, har sai da majalisar jihar ta gyara doka domin a yi amfani da shaidarta ta farko. Duk wanda ke tunanin binciken sirri taimako ne ga wanda aka zalunta, ya dubi wahalar da aka ƙara wa wannan baiwar Allah.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga mai karatun da ya tashi a kan mazhabar Malikiyya, ko da yake kotunan Najeriya ba sa aiki da tsarin masu taya alƙali a yau. Malamanmu sun ce alƙali ba ya yanke hukunci da saninsa na kansa, sai da abin da ya tabbata a gabansa, kuma kafin ya yanke sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidun. A hadisin Ummu Salama, Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa yana yanke hukunci ne bisa abin da ya ji daga masu jayayya, ya kuma gargaɗi wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa da iya magana. Idan an hana alƙali mai ilimi ya dogara da abin da shi kaɗai ya sani, ina ga mutumin da aka ɗauko daga kasuwa ko ofis, ya karanta wani abu a Facebook?

Sai dai hani kaɗai ba zai wadatar ba, kuma a nan ina ganin kotuna ma suna da nasu laifin. Mutumin da ya saba duk tambayar da ta taso masa ya samu amsarta a waya cikin minti ɗaya, ba zai daina ba don kawai an ce masa doka ta hana. Ya kamata alƙali ya yi musu bayanin dalilin hanin tun ranar farko, da harshen da suke fahimta, ya kuma maimaita duk lokacin da za a tashi. Ya kamata a ƙarfafa musu gwiwa su rubuta tambayarsu a takarda su miƙa wa alƙali, kamar yadda ake yi a Ingila da jihar Arizona ta Amurka, shi kuma ya tattauna da lauyoyin ɓangarorin biyu kafin a amsa. Idan ganin wurin da abin ya faru ya zama dole, doka ta ba kotu ikon ta tashi gaba ɗayanta ta je ziyarar gani da ido, da alƙali da lauyoyi da wanda ake tuhuma, a rubuta abin da aka gani.

Idan kuma bayan duk wannan hujjar masu gabatar da ƙara ta kasa kawar da shakka, aikin mai taya alƙali shi ne ya ce laifi bai tabbata ba, ba ya fita ya cike musu giɓin da suka bari ba. Ina kira ga hukumar shari'a ta Ghana da ta tanadi wannan bayani a rubuce da kuma a faifan murya cikin harsunan ƙasa, har da Hausa, a riƙa bai wa duk wanda aka kira wannan aiki kafin a rantsar da shi.

Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Naka mai karatu,
daga Kumasi, Ghana