Masu cewa gara Turawa su dawo, kun san yadda suka tsare mutane kuwa?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani zance da ya fara yawa a bakin matasanmu nan Legas tunda rayuwa ta yi tsada, wai gara ma Turawa su dawo su cigaba da mulki. Ana faɗa a teburin mai shayi a Agege, ana faɗa a Mile 12 wajen masu sauke tumatir da albasa, a Facebook kuwa ba a magana. Ni ban ga laifin wanda yunwa ta sa shi magana ba, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum ya faɗi abinda bai shirya ba, amma wallahi duk wanda ya san abinda mutanen nan suka yi da waɗanda suka kama, fursunan yaƙi ne ko farar hula, bakinsa ba zai iya wannan fatan ba.

Mu fara da Umar Mukhtar na Libiya tunda kowa ya san shi. Abinda da yawa ba su sani ba shine yadda Italiya ta ci galabarsa. Da suka kasa kama shi a fagen daga sai Janar Graziani ya juya kan talakawan da ke ba shi abinci da mafaka, a 1930 aka kwashe mutane wajen 100,000 daga yankin Jabal Akhdar, makiyaya ne kamar Fulaninmu, aka kora su a ƙafa da tsofaffi da masu ciki da dabbobinsu zuwa sansanoni cikin hamada irin su Suluƙ da Aƙila, aka zagaye su da waya mai ƙaya, dabbobi suka ƙare, yunwa da cuta suka kashe dubun dubata. Shi kansa Umar Mukhtar a Suluƙ ɗin aka rataye shi ranar 16 ga Satumba 1931, aka tara mutanen da ke tsare aka tilasta musu kallo.

Toh na san wani zai ce ai wannan Italiya ce, Turawan Ingila da suka mulke mu masu tausayi ne. Ingilar ce fa a yaƙin Afirka ta Kudu, tsakanin 1900 da 1902, kwamandan sojanta Kitchener ya sa aka dinga ƙona gonakin Buwa, wato Turawa manoma mazauna ƙasar da Ingila ke yaƙa, ana kwashe mata da yara ana zubawa cikin tantuna, mazan da aka kama a yaƙi kuma aka loda su a jirgin ruwa zuwa tsibiran Saint Helena da Silon da Bamuda. Mata da yaran Buwa, fararen fata 'yan uwansu, sama da 26,000 suka mutu, yawancinsu ƙananan yara, ƙyanda da taifot da rashin abinci. Sai da wata baturiya Emily Hobhouse ta je ta gani da idonta ta koma gida ta tona asiri a 1901 sannan aka fara gyara. Abinda ke ci min rai shine baƙaƙen fata ma an yi musu nasu sansanonin daban, waɗanda aka rubuta mutuwarsu sun haura 14,000 kuma masana na cewa adadin ya fi haka nesa don ba a damu da ƙirga su ba, su fararen an gina musu hasumiyar tunawa a Bloemfontein tun 1913, namu kuwa aka yi shekara da shekaru ko zancensu ba a yi.

Jamus a Namibiya ita kam kisan ƙare dangi ta yi wa ƙabilun Herero da Nama daga 1904 zuwa 1908, waɗanda suka tsira aka kai su sansanoni irin na tsibirin Shark suna aikin bauta har su mutu, kuma sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amsa da bakinta cewa kisan ƙare dangi ne.

Amma Malam Edita na Kenya shi nake so matasanmu su tsaya su duba da kyau, don ba tarihin kaka da kakanni bane, akwai dattawa a raye yau da aka yi shi suna da wayo. A 1952 Ingila ta kafa dokar ta-ɓaci saboda 'yan Mau Mau masu neman a mayar musu da ƙasar noma, ba ta ɗauke su fursunan yaƙi ba balle dokokin Janiba su kare su, aka dinga kama 'yan ƙabilar Kikuyu dubbai ana tsarewa ba shari'a, duka da horon yunwa da dandaƙa da fyaɗe, wai sai mutum ya furta cewa ya yi rantsuwar Mau Mau. Ranar 3 ga Maris 1959 a sansanin Hola aka yi wa mutum 11 dukan da ya kashe su don sun ƙi fita aikin tilas, hukuma ta fara cewa wai gurɓataccen ruwa suka sha. Ku duba kwanan watan nan, a wannan Maris ɗin ne ranar 15 ga wata Jihar Arewa ta samu mulkin kai, wato ofishin da ke Landan yana gaisawa da su Sardauna da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana rufe gawarwakin Hola. Da Turawan za su bar Kenya suka ƙona takardu da yawa suka kwashe wasu, sai a 2011 da tsofaffin Kenya suka kai su kotu sannan suka yarda cewa suna ɓoye da fayil-fayil na ƙasashe da dama a wani gidan ajiyar gwamnati a Ingila mai suna Hanslope Park, a 2013 suka biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin lauyoyi, a kan ƙarar mutum 5,228. A raba wannan kuɗin a gani ko ya kai diyyar namijin da aka dandaƙe.

Mu a nan gaskiya ba a yi irin na Kenya ba, amma hannun ɗaya ne. Sarkin Kano Alu da aka kama a 1903 an kai shi Yola daga nan Lakwaja, can ya rasu a 1926 bai sake ganin Kano ba. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi shi ma a Lakwaja ya cika. Malam Sa'idu ɗan Hayatu, jagoran 'yan Mahdiyya, an ɗauke shi a 1923 aka kai shi Buea a Kamaru ya yi shekaru a ɗaurin talala. A nan Legas sun kori sarkin garin, Eleko Eshugbayi, zuwa Oyo a 1925, sun tsare shugaban ma'aikatan jirgin ƙasa Michael Imoudu daga 1943 zuwa 1945 da sunan dokar yaƙi. Lokacin yaƙin Hitila har kwalejin gwamnati ta Umuahia aka rufe aka mayar wurin tsare Jamusawa da Italiyawa, mu kuma talakawan Arewa aka dinga ɗiban gwamna, ana kwasar manoma daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina a jefa shi cikin sanyin Filato ba bargon kirki ba abinci isasshe, da yawa ba su koma gida ba.

Wanda ke Legas ya daure wata rana ya shiga Freedom Park a Broad Street, nan ne tsohon kurkukun Turawa inda aka taɓa ɗaure Herbert Macaulay, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Najeriya. Tsohuwar katangar tana nan, ga kwatancin ɗakunan da aka bari, ka tsaya a bakin ɗaya ka ga ƙanƙantarsa, ka tuna zafin Legas da sauro, ka tuna ƙofa a kulle take. Yaranmu na zuwa wurin suna ɗaukar hoto suna cin suya, ba laifi, aƙalla Yarabawa sun adana nasu har ana iya zuwa a gani.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura wakili Lakwaja unguwar Kabawa ya ɗauko mana hotunan kaburburan sarakunanmu ya faɗa mana halin da suke ciki, sannan a je Bukur da Barikin Ladi a nemi dattawan da aka ɗebi iyayensu zuwa kuza a naɗi labarinsu tun suna da rai, a buga shi da Hausa kashi-kashi yadda ɗan acaɓa da mai shayi za su iya karantawa a waya. In kun fara, ni zan ɗauki nauyin yaɗa shi a duk guruf ɗin WhatsApp na 'yan Arewa da nake ciki a nan.

Na gode, Allah ya taimaka.

Naka mai karatu,
daga Agege, Legas