Takardar Koke ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Buɗe Ɗakin Karatun Dokoki da Fassara Dokokin Jiha Zuwa Hausa

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau,
Ambasada Malam Ahmad Nuhu Bamalli,
Fadar Zazzau, Birnin Zariya.

Ta hannun masu unguwanninmu da hakimanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da imani.

Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka ne mazauna Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru da Wusasa, cikinmu akwai 'yan kasuwa da manoma da malaman makaranta da ɗaliban shari'a da ƙananan lauyoyi da tsofaffin ma'aikatan kotu da suka yi ritaya. Kukan da muka kawo gaban Sarki shi ne cewa dokokin da ake yi mana hukunci da su a yau ba sa hannunmu, ba mu da inda za mu je mu karanta su, kuma wanda ya yi sa'ar samun kwafi sai ya tarar an rubuta shi cikin Turancin da mai digiri ma sai ya nemi lauya ya warware masa.

Ranka ya daɗe, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba za a hukunta mutum a kan wani laifi ba sai rubutacciyar doka ta fayyace laifin ta kuma faɗi hukuncinsa, ya kuma ce wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta idan yana bukata. Wannan kariya tana fara aiki ne bayan mutum ya riga ya shiga hannu. Abin da muke nema shi ne sanin da zai hana shi shiga hannu tun farko, ko kuma ya hana a zalunce shi idan ya shiga.

A shekarar 2017 Jihar Kaduna ta yi sabon kundin laifuffuka da hukuncinsu, ta kuma yi sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka, bayan wadda gwamnatin tarayya ta yi a 2015. A 2018 aka yi dokar kula da yara da kare su. Kafin waɗannan akwai kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci na 2002 da kotunan shari'a ke aiki da shi. Mun nemi waɗannan dokoki da Hausa a shagunan littattafai da ɗakunan karatun da talaka ke iya shiga, ba mu same su ba. Abin da ke yawo a hannun masu talla shi ne tsofaffin kwafe, har da kundin tsarin mulkin da babu gyare-gyaren da aka yi masa daga 2010 zuwa 2023. Su ma manyan kundayen da aka tattara dokoki a ciki sun kwana biyu, domin na tarayya na 2004 ne, na jiha da aka fi sani kuwa na 1991 ne, kuma dokoki masu yawa sun canza tun daga lokacin.

Illar wannan rashi tana bayyana a rayuwarmu ta kullum. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma hana a kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Dokar tarayya ta 2015 ta ce ba za a hana mutum tsayawa wani beli don kasancewarsa mace ba. Uwa nawa ce a unguwanninmu ta san haka? Wanda bai san an yi doka don kare shi ba, ba zai buɗe baki ya nemi kariyar ba, sai ya sayar da akuyarsa ko ya jinginar da gonarsa don ya fita daga abin da doka ta riga ta fitar da shi. Haka abin yake a rikicin fili, inda mutane da yawa ke riƙe da takardar ciniki kaɗai ba tare da sanin abin da dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora wa gwamna da ƙaramar hukuma ba.

Ba mu jahilci cewa harkar buga littattafan shari'a ta ci gaba ba. Tun 1985 marigayi Gani Fawehinmi ya fara buga hukuncin manyan kotuna mako-mako, yau kuwa kamfanoni irin su LawPavilion da Legalpedia sun zuba hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara a intanet, lauya yana zaune a ofishinsa zai lalubo cikin mintuna abin da a da sai ya wuni yana juya littattafai. Muna murna da wannan. Sai dai ana biyan kuɗin rajista kafin a shiga, ana bukatar kwamfuta ko babbar waya da data da wutar lantarki, kuma komai da Turanci yake. Ƙaramin lauyan da ya fito daga makaranta bara, wanda galibi shi ne talaka ke iya ɗauka, yakan tsaya gaban alƙali da abin da ya aro, alhali abokin karawarsa ya zo da hukuncin da aka yanke makon jiya. A ƙarshe wanda ke biyan farashin wannan giɓi shi ne mai ƙarar da ba shi da hali.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi damun mu, wato shari'o'in aure da saki da gado da riƙon yara da shuf'a (haƙƙin abokin tarayya a gida ko gona na a fifita shi wajen sayen kason ɗan'uwansa), waɗanda su ne suka fi kai mutanenmu kotu. Alƙalanmu suna kafa hujja da littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, kuma Zazzau ba ta rasa malaman da suka san waɗannan littattafai ba. Amma yadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta fahimci wata mas'ala ta yanke hukunci a kanta, ba kasafai yake isa hannun jama'a a buge ba, mafi yawansa yana kwance cikin fayil a ofishin rajistara. Da ana buga zaɓaɓɓun hukunce-hukuncen nan da Hausa, da magada da yawa sun san matsayinsu tun kafin zumunci ya lalace, da kuma masu unguwanni da dagatai sun sami abin dogaro idan suna sasanta mutane.

Allah ya taimaki Sarki, abin da ya ba mu ƙarfin gwiwar kawo wannan kuka fada shi ne an taɓa yin irin wannan aiki a garin nan. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shawararsu ta haifar da kundin laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960. Ba a bar kundin da Turanci kaɗai ba, an mayar da shi Hausa, aka kuma horar da alƙalai da ma'aikatan kotu a Makarantar Koyon Mulki da ke unguwar Kongo a nan Zariya. A Kongon nan Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take, tare da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci. A Zariya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a nan kuma aka yi Hukumar Talifi, inda mahaifin Sarki, marigayi Magajin Gari Malam Nuhu Bamalli, yana cikin waɗanda suka yi wa rubutun Hausa hidima. Sarki da kansa ya karanci shari'a a wannan jami'a, don haka ba sai mun yi dogon bayani a kan darajar littafin doka ba. Ɗakunan karatun jami'a kuwa an gina su ne don ɗalibai da malamai, ba mu ga laifinsu ba idan ba su iya ɗaukar jama'ar gari.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba ya sa baki a samar da ɗaki guda a cikin gari, kusa da kotuna, wanda kowa zai iya shiga kyauta, Musulmi da Kirista, mace da namiji. A ajiye a cikinsa kundin tsarin mulki mai ɗauke da dukkan gyare-gyarensa, da dokokin jiha da na tarayya da ke aiki yanzu, da Gazet ɗin gwamnati, da littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalai ke amfani da su, da kwamfutoci kaɗan masu hasken rana da rajistar shekara ta ɗaya daga cikin rumbunan hukunce-hukuncen intanet. Muna ganin idan Sarki ya kira shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, da Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jiha, da reshen Zariya na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, da attajiran masarauta, ba za a rasa ɗaki da kuɗin kula da shi ba. Ɗaliban shari'a da ke cikinmu sun ɗauki alkawarin zama bi da bi don taimaka wa wanda bai iya karatu ba ya gano abin da yake nema, ba tare da sun shiga aikin lauya ba.

Roƙonmu na biyu, wanda muka san ya fi nauyi, shi ne Sarki ya isar da kukanmu ga Mai Girma Gwamna da Kwamishinan Shari'a da Majalisar Dokokin Jiha, a fassara dokokin 2017 da 2018 zuwa Hausa, a sa masana shari'a da masana harshe na jami'a su tantance fassarar don kada ta ɓatar da mutane, a buga ta a takarda mai araha, a kuma sa ta a intanet kyauta. Muna kuma roƙon a nemi amincewar Girandi Kadi, shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, a riƙa buga zaɓaɓɓun hukunce-hukuncen kotunsa duk shekara, a sakaya sunayen masu shari'ar aure da na yara don kare mutuncin iyalai.

A shirye muke mu aiko da wakilai fada duk ranar da Sarki ya ga dama, su zo da jerin littattafan da muke bukata da sunayen waɗanda suka yi alkawarin ba da nasu kyauta.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna Birnin Zariya, Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru da Wusasa.