Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Jinyar Ciwon Daji

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, iyayenmu da yayyenmu. Ga rahoton ayyukan bana, wanda bai samu zuwa taron ƙarshe ba sai ya karanta a nan.

Ranar 4 ga Fabrairu, ranar ciwon daji ta duniya, mun fita wayar da kai cikin unguwanni, a watan Oktoba kuma mata suka zaga islamiyyu suna koya wa 'yan uwansu yadda mace za ta duba nononta da kanta bayan ta gama al'ada. Mun ci gaba da roƙon iyaye su kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV (ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa) da gwamnati ta fara bayarwa kyauta tun Oktoban 2023, don har yau akwai masu cewa wai tana hana haihuwa, alhali sankarar bakin mahaifa take karewa.

Amma babban aikin bana a wajena shi ne raba zaman wata da muka yi, maza daban mata daban. Da farko wasu sun ƙi, suka ce ai ciwo ɗaya ne, to wallahi ciwon ɗaya ne amma yadda ake faɗarsa ba ɗaya ba ne. Mace in ta fara labari tun daga ranar da ta ji ƙullutu kamar ƙwallon dabino tana wanka za ta ɗauko, har kayan da ta sa ranar da likita ya gaya mata, sannan ta zo kan abin da ke hana ta barci, za a cire nonon ne, maigida zai zauna da ita, wa zai riƙe yara in tana kwance bayan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Wata ta ce mana gashinta da ya zube bai dame ta kamar kallon da dangin miji suke mata ba.

Maza kuwa ko sunan ciwon ba sa kamawa, "'yar matsala ce", ko basir, ko sanyi, sai tambayar nawa ne magani da wa zai tsare shago. Sai da aka bar su su kaɗai wani dattijo mai sankarar furostet (wata gaɓa ce ta maza a ƙarƙashin mafitsara) ya ce watanni yana ɓoye robar fitsari cikin babbar riga, ya bar sahun gaba a masallaci, kuma iyalinsa ba su san abin da ke damunsa ba. Ɗakin ya yi tsit, daga nan wasu ma suka buɗe baki, har maganar rauni wajen iyali bayan tiyata ta fito, wadda ba a taɓa yi ba muna haɗe.

Ɓangaren kuɗi, mafi yawa ya tafi kan kuɗin mota da masauki na waɗanda aka tura gashin ciwon daji da na'ura a Shika a Zariya ko Abuja, mun kuma taimaka wa wasu cike takardun asusun tallafin gwamnatin tarayya na masu sankarar nono, bakin mahaifa da furostet.

Inda muka gaza shi ne ziyarar gida ga maza, masu zuwa duk mata ne, namiji kuma ba zai saki jiki da su ba. Don Allah Alhazai da samari, duk mai iya ba da yammacin Asabar ɗaya a wata ya ba ma'aji sunansa kafin zama na gaba, masu bashin kuɗin wata su ma su gan shi. Waɗanda suka rigamu gidan gaskiya a bana Allah ya jiƙansu, masu jinya Allah ya ba su lafiya.

Sakatariya