Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Filato Kan Yadda Muke Koyon Lissafi

Mai girma Kwamishina,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah Ya ƙara muku lafiya da basira a kan wannan nauyi da kuka ɗauka, ni ɗaliba ce a aji uku na babbar sakandare a nan Jos, kuma ina cikin masu shirin zama jarrabawar WAEC da NECO. Na rubuto ne a kan darasin lissafi, wanda yawancinmu muke shiga ajinsa gabanmu na faɗuwa, kuma na zaɓi wasiƙar ta zama buɗaɗɗiya domin iyaye da malamai su ma su karanta, tunda maganar ta shafe su.

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa ɗaliban fannin adabi ba sa buƙatar kiredit a lissafi kafin su samu gurbin jami'a, daga baya kuma ta fayyace cewa har yanzu wajibi ne kowane ɗalibi ya yi rajistar darasin ya zauna jarrabawarsa. Murnar da na ga an yi a ajinmu ranar da labarin ya iso ita ce ta dame ni, domin yaran da suka yi shekara goma sha ɗaya suna zama gaban allon lissafi sun yi tsalle da shewa don an ce za a raba su da shi. Ina ganin ya kamata mai riƙe da ragamar ilimi ya tambayi dalilin wannan murna, kuma a ganina dalilin yana cikin yadda ake koyar da mu.

Ana ba mu fomula, a ce mu haddace, a yi misali biyu ko uku a allo, mu kwafe, a buga ƙararrawa. Wanda ya ɗaga hannu ya ce daga ina fomular ta fito, amsar da ya fi samu ita ce lokaci ya ƙure kuma manhaja tana da tsawo. Ban ga laifin malamanmu sosai ba, saboda malamin da ke shiga aji mai cunkoso, wanda na baya ba sa ko ganin rubutun allo, sannan ga tarin littattafai da zai duba da dare, ba ya da sukunin tsayawa a kan kowace tambaya. Sai dai abin da aka haddace ba a fahimta ba yana gudu ne a daidai lokacin da ake nemansa. Takardar WAEC ta biyu, wadda ake rubuta aiki dalla-dalla, tana ba da maki a kan hanyar da ɗalibi ya bi kafin ya kai ga amsa, kuma da zarar an juya tambaya ta fito da wata fuskar da ba mu saba gani ba, mai hadda sai ya tsaya yana cizon biro.

Bari in kawo abin da ya sauya mini tunani. Wata rana wani malami da ya zo aikin koyon koyarwa ya rubuta x² + 10x = 39 a allo, ya ce kada kowa ya taɓa fomula. Ya zana murabba'i, ya ce tsawon kowane gefensa x ne. Ya raba goman nan gida biyu, ya manna fili mai faɗin 5 a gefen dama, wani mai faɗin 5 a ƙasa, sai ga wata kusurwa ta rage babu komai a cikinta. Ya tambaye mu girman wannan gurbi, muka ce biyar sau biyar, 25. Ya ce to idan an cike shi, filin duka ya zama 39 da 25, wato 64, kuma murabba'in da girmansa 64 ne, gefensa 8 ne, idan aka cire biyar ɗin da aka manna saura 3. Wata da ke zama kusa da ni, wadda ta daɗe da yanke wa kanta hukuncin cewa kanta ba na lissafi ba ne, ta ce da ƙarfi, "Malam, ashe abin nan gini ne!" Daga nan ya nuna mana cewa fomular da muka sha wahalar haddacewa wannan aikin ne aka yi shi da haruffa a maimakon lambobi. Ya kuma gaya mana cewa misalin yana cikin littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, littafin da kaso mai yawa nasa ya tafi a kan lissafin rabon gado da wasiyya.

Wannan magana ta gado ta tsaya mini a rai, domin a unguwanninmu ana yin lissafin da ya fi na aji ɗaya na ƙaramar sakandare wuya, ba tare da an kira shi lissafi ba. Idan mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya, malamin fara'ili zai ba matar sumuni, ya ba mahaifiyar sudusi, kuma don ya haɗa ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida sai ya kasa dukiyar gida 24, mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4. Wannan shi ne neman lambar da takwas da shida suke haɗuwa a kanta, abin da yara da dama suke faɗuwa a kansa a jarrabawa. Magini idan zai fitar da kusurwar ɗaki yakan auna uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗayan, ya tabbatar tsakaninsu biyar ne, kuma ka'idar Faisagoras ke nan a hannunsa. Dillalin tumatir a Farin Gada da mai katako a kasuwar Katako suna lissafa riba da la'ada da kai, kafin mai kalkuleta ya gama latsawa. 'Ya'yan waɗannan mutane ne ake ce wa ba su da kan lissafi, kuma ni ban yarda da wannan hukunci ba.

Haka kuma babu wanda ya taɓa gaya mana a aji cewa Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin murabba'i ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ko cewa Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970. Yaron da ya ji waɗannan sunaye zai daina ɗaukar darasin a matsayin kayan wasu.

Mai girma Kwamishina, roƙona na farko shi ne a horar da malaman lissafi a kan nuna dalili kafin ba da fomula. Wannan ba baƙon abu ba ne a jiharmu, domin Filato tana cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Neja, da aka fara gwada shirin SMASE a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, shirin da ya koya wa malaman firamare sa yara su yi aiki da hannunsu da kayan da ke kusa. Muna da kwalejin ilimi a Gindiri, muna da Jami'ar Ilimi ta Tarayya a Pankshin, muna da tsangayar ilimi a Jami'ar Jos, ga kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Abuja. Idan ma'aikatarku ta haɗa hannu da su aka riƙa tara malaman sakandare a lokacin dogon hutu, ba a buƙatar kayan da suka wuce kwali da almakashi da zare da rula.

Na biyu ya fi wannan gaggawa. Yawancin waɗanda suke kasawa a babbar sakandare tun a baya aka bar su, a wajen haɗa kaso da kaso, da lambobin da ke ƙasa da sifili, da lissafin kaso cikin ɗari. Ana ƙara musu aji kowace shekara da wannan rami a ƙasansu, har ranar da za a ɗora musu logaridim. Ina roƙon a riƙa yi wa duk mai shiga aji ɗaya na babbar sakandare ɗan gwaji a makon farko, wanda ba na kora ba ne kuma ba na maki ba, sannan a ware makonni a zangon farko a cike wa kowa abin da ya rasa. Masu hali suna biyan kuɗin lesin, marasa hali kuma wasu sukan ƙare a cibiyoyin satar amsa, inda iyaye ke biyan kuɗi a sayo wa yaro C6, wato mafi ƙarancin kiredit, da ba zai iya kare ta a ajin farko na jami'a ba.

Akwai kuma maganar harshe, kuma na san tana da sarƙaƙiya. Da Turanci za mu rubuta jarrabawa, kuma ba na neman a canja wannan. Amma a ajinmu akwai Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa, kuma da an fita tara Hausa ce take haɗa mafi yawanmu. Sau da yawa tambayar da aka rubuta da dogon Turanci ce take kayar da ɗalibi tun kafin ya kai ga lissafin da ke cikinta. Idan malami ya ga aji ya yi tsit, ya maimaita bayanin a minti biyu da harshen da yaran suka fi ji, sannan ya koma Turanci, bai kamata a ɗauka ya karya doka ba, kuma zai yi kyau masu duba makarantu su san haka.

Mu da muke aji uku lokacinmu ya kusa ƙarewa, saboda haka ƙannenmu ne za su ci moriyar duk abin da kuka yanke. Ina roƙon ku zaɓi wata makarantar gwamnati a Jos ko Bukur ko Mangu, ku shiga ajin lissafi ba tare da an sanar da zuwanku ba, ku zauna a bencin baya har a buga ƙararrawa, sannan ku tambayi yara biyar dalilin fomular da suka kwafa a ranar.

Allah Ya taimake ku, Ya yi muku jagora.

Taku cikin ladabi,
Ɗaliba a aji uku na babbar sakandare,
Jos ta Arewa.